Farfesa da Firijin Surukarsa

"Jikin ɗan Adam inji ne, ni kuwa inji ba ya ɓoye mini komai." Kullum waƙar Farfesa ke nan. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina, mai gyaran janareta ne, shi ya raɗa wa kansa sunan har ya rubuta a ƙofar shago. Ga tumbi kamar an kifa baho, ga baki ba birki.

Abu ɗaya ke ci masa rai, wato surukarsa. Tun da ya auri 'yarta tsohuwar take masa kallon rago mai cika baki, shi kuwa abin na yi masa ciwo ƙwarai. To ranar da aka kawo mata sabon firiji, ga ta a can saman bene, sai Farfesa ya ga dama ta samu. Ya sallami masu dako, ya ce shi kaɗai zai hau da shi, yau Mama za ta ga irin surukin da Allah ya ba ta.

Kafin aiki sai shan mai. Ya shiga kicin ya jera kofuna: man kwakwa shi ne fetur, don ya ji an ce nan da nan yake zama ƙarfi, man zaitun shi ne gas na doguwar tafiya, narkakken man shanu kuma na ko-ta-kwana.

Ƙanwar matarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta shigo ta gan shi ta riƙe baki.

"Yaya, ciki fa ba tanki ba ne."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce mai sai ya isa hanji, ruwan maɗaciya ya farfasa shi, sannan jiki ya tsotse shi a hankali. Wani ɓangare na man kwakwa kan wuce hanta kai tsaye, shi ya sa yake saurin ƙonewa. Na zaitun da na shanu kuwa sai sun yi dogon zagaye, abin da jiki bai buƙata ba ya adana shi kitse. Nan ta nuna tumbinsa da baki. Wanda ya yi wa hanji yawa kuma, in ji ta, hanyar fita zai nema, kuma ba ya neman izini.

"Ke allura kika sani, ni ƙarfi na sani," in ji Farfesa. Ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya ce inji ya ɗauka.

Ya sauko ya goya firiji a baya, ya ɗaure da igiya ta ƙirji. Matarsa ta roƙe shi ya yi ƙullin da za a iya zarewa, ya ce irin ɗaurinsa ko shi kansa ba ya iya kwancewa. A nan kam wallahi gaskiya ya faɗa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Yana hawa yana nishi yana yi wa maƙwabtan da suka taru a ƙasa lacca, wai yanzu fetur ne ke aiki, gas bai ma shigo ba tukuna. Sai da ya kai kwanar bene, inda wurin ya tsuke, firiji ya cije tsakanin bango da ƙarfen dafawa. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Nan cikinsa ya yi wata irin ƙara, ƙululu, har wata maƙwabciya ta leƙa waje ko hadari ne ya haɗo. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce inji ne ke canza giya. Gumi ya karyo masa. Ya daina lacca. Ya matse ƙafafu, ya shiga lalubar ƙullin igiya, ƙulli ya ce bai san zancen ba. Murya ƙasa-ƙasa ya roƙi a miƙo wuƙa, amma wuƙa na kicin a sama, shi da firijinsa sun toshe hanya.

Ya ɗaga kai, sai ga Mama tsaye a saman matakala, ta gyara tabarau tana kallonsa.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. A kawo maka ruwa?"

Bawan Allah ya tuna bai gaishe ta ba. Ya ɗan rusuna zai ce ina wuni, ai kuwa rusunawar nan ita ta gama da shi. Fetur da gas da na ko-ta-kwana duk suka fito a tare, ba wanda ya nemi izini. Maƙwabtan da ke ƙasa suka watse kowa hannu a hanci. Ƙanwar matar tasa ta zauna a matakala tana dariya har da hawaye. Farfesa ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Dole aka kira masu dakon nan da ya kora. Suka zo suka yanke igiya, suka tsaya suna duban firiji suna duban Farfesa, wanda ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Babbansu ya tambayi Mama da wanne za su fara.

Tsohuwa ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Ku fara da surukina. Firijin dai ba ya yoyo."