Mai Riƙe da Igiya

Ni akawu ne a ofishin magajin garinmu, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Tun kafin a haife ni mutanen Atina, babban birninmu, suka zo tsibirinmu suka ɗauki fim ɗin nan na ban dariya, na yarinyar da ke tashi sama duk sanda saurayinta ya yabe ta. Tauraruwar tana tsoron bisa, shi ya sa aka ɗaura wa mahaifiyata Marigo igiya aka ja ta sama a madadinta. Bana an gyara fim ɗin, za a nuna shi a dandalin coci ran Asabar, sau ɗaya tak, a mayar da shi Atina. Ɗana Lefteris ya yi wa magajin gari alkawarin kawo kakarsa, ita kuwa ta rantse ba za ta je ba. Ina shan kofi a tsakar gidanta da hantsi sai ga Lefteris.

"Sannu da hutawa, tsuntsuwar tsibiri. Yau ba a tashi ba?"

"Ubanka ne bai tashi ba, ga shi nan zaune kamar buhun albasa. Ina kifin da na aike ka?"

"Kifi ya ƙare. Ga abin da na samo."

Ya dire mata jan takalminta na fim, an yi masa sabuwar dunduniya.

"Ɓarawo! Yaushe ka shiga akwatina? Mayar da shi. An ce sabon gyaran fim ɗin nan har ƙurajen fuska yake nunawa. Ka tara mini gari, har da limamin coci, su kalli ƙafafuna daga ƙasa?"

"Ƙafafun da akuya ma ta fi ki? An ce rabin mazan gari ne suka ja igiyar, da suka gaji aka ɗauko jaki."

"Ƙarya kake! Mutum ɗaya ne, kakanka Thanasis. Lokacin iska ma tana iya ɗauke ni. Kai da kwalekwalenka ke nishi in ka taka shi."

"To tofin da kika yi wa jarumin a ka fa? Ana cewa yana cikin shiri."

"Wane shiri? Ina reto a saitin ƙararrawar coci, mutumin banza ya ɗaga kai ya ce bai taɓa ganin kyakkyawa kamata ba. A gaban jama'a, kuma bai tofa ba! Wa ke yabon mutum yana rataye? Sai na tofa wa kaina, tuf, tuf, tuf, kada baki ya kama ni igiya ta tsinke. Laifina ne da ya tsaya a ƙasa?"

"Shi ne ya kai hannu zai share..."

"Gashin aro ya biyo hannun. Kan kamar ƙwai! Darakta ya ce a bar shi haka. Kakanka ya fashe da dariya, igiya ta kuɓuce, na faɗa cikin ɓaure. Kullum sai ya zo ba da haƙuri daidai lokacin cin abinci, har babana ya gaji ya aura masa ni."

"Ashe dai baki ya kama ki."

"Ya kama ni sosai. Kai ne ragowar ciwon."

Ta yi dariya, sannan ta tsaya tana juya takalmin a cinyarta.

"Ba za ni ba, Lefteris. Kowa zai kalli yarinya a sama. Wanda ya riƙe ta ba ya nan, ko a fim ɗin ma babu shi."

"Wa ya gaya miki, tsohuwa? Wanda muke gani a talabijin datse masa gefe aka yi. Jiya da aka gwada sabon a ofishin su Baba, can ƙuryar hagu, bayan jakin mai burodi, ga wani siririn saurayi da igiya."

"Da gashin baki?"

"Kamar tsintsiya. Baki a wangale kamar kifin da ban sayo ba."

"Yana motsi?"

"Dariya yake yi, Kaka. Ana ganin sanda igiyar ta kuɓuce masa."

Ta juyo ta dube ni, don ta san ba na ƙari. Na gyaɗa kai. Hoton mahaifina ɗaya ne a gidan, na tsufansa, ya ƙame kamar wanda aka kai kotu.

Ta cusa ƙafa a takalmin, ya matse ta, ta zagi mai gyaran. Ta shiga ɗaki tana ɗingishi, ta fito da kwalbar ɓaure mai zuma wadda ba ta buɗe wa kowa sai baƙi, ta dangwara masa.

"Ungo, ɓarawo. Kujerar gaba nake so, ta gefen hagu."

"Ta tsakiya aka tanadar miki, kusa da magajin gari."

"Me zan gani a tsakiya? Ni na san yadda nake."

Lefteris ya ja da baya yana ƙare mata kallo.

"Gaskiya, Kaka, kin yi kyau."

"Tuf, tuf, tuf!"

A tsakiyar kansa ya sauka.