Yaya Nomau da Tseren Hanyar Burji

Don Allah duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, ko ya gane ni kada ya faɗi sunana. Har yau Baffa yana neman wanda ya sa sunan Yaya Nomau a tseren keke, kuma ni ce.

Mu uku ne a gidanmu, ni da Inna da Yaya Nomau. Baba ya rasu, ya bar mana baƙin keke, da shi Yaya yake kai daddawar Inna kasuwa. Yaya ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da mutanen birni suka zo suka ce za a yi tseren kilomita tamanin a hanyar burji, Yaya ya kasa cin tuwo don so. Shi ne na lallaɓa na ba da sunansa. Baffa, ƙanin Baba, ya ji ya ce, "Zai kunyata mu. Wallahi in bai kai ƙarshe ba, na ɗauke keken ɗan'uwana na ba ɗana Sabi'u." Sai Inna ta roƙi Baba Ilu mai faci ya koya masa.

Wata rana Baba Ilu ya ce, "Nomau, sai jikinka ya saba da tsakuwa." Yaya ya ɗebo buhu guda, ya zuba a takalminsa, ragowar ya baza ƙarƙashin tabarma. Inna ta zo ta zauna, ta zabura. "Wayyo ƙuguna!" Ya ce, "Yi haƙuri Inna, ni ma haka na ji da farko, za ki saba." Sati biyu yana taka tsakuwa, tafin ƙafarsa ya zama kamar busasshiyar fata.

Wata rana Baba Ilu ya ce, "Ka miƙa hanya, kada ka juyo sai ka gaji." Yaya ya fita da hantsi. Bai gaji ba sai a wani gari da ko sunan namu ba su taɓa ji ba. Washegari motar albasa ta sauke shi a ƙofar gida, idonsa jajir. Baba Ilu ya ce, "Me ya hana ka juyowa?" Ya ce, "Ai na juyo, Baba. Da na gaji na juya keken ya kalli gida, sannan na kwanta."

Wata rana kuma aka ce masa, "Duk abin da ba ya taimaka wa keke gudu, cire shi, nauyi ne." Yaya ya duba ya duba, ya cire birki. Ya gangaro daga tudun makaranta yana ta kaɗa ƙararrawa, bai tsaya ba sai cikin shanyar kalwar Inna. Baffa yana bakin zaure yana dariya. "Ku wanke min keken da kyau, saura kwana uku."

Ranar tsere Baba Ilu ya mayar da birki, ya kama kunnen Yaya ya ce, "Ƙaya ce za ta kashe ka. In ka ga ƙaya, sauka ka ɗauki keken." Mutum arba'in suka tashi, da hular kwano da kekuna masu ƙyalli. Ni da Inna muna can inda za a ƙare. Baba Ilu da ya bi su a babur shi ya ba mu labari. Wai Yaya yana hango bishiyar aduwa can tsakiyar gonar wani, ya sauka ya ɗora keke a ka. "Ba wannan ba, Nomau!" "Kai ka ce, Baba." Kowa ya wuce shi ana ta dariya.

Ashe a daji makiyaya sun sassaro wa awaki rassan farar ƙaya, awakin sun cinye ganye sun bar ƙayar watse a hanya, tafiya mai nisa. Masu gudun nan suka afka ciki, tayoyi suka yi ta sacewa. Can sai ga Yaya da keke a ka, yana taka ƙaya ko a jikinsa, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, "Sannunku da hutawa."

Mutum shida suka iso, Yaya ne na huɗu. A daidai layin ƙarshe akwai wata aduwa da alƙalai suka zauna a inuwarta. Yaya ya ganta, ya ja birki, ya sauka, ya tsallaka layin da keke a ka. Mai riƙe da takarda ya ce, "Sun kai, shi da keken." Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa kuka na yi ta yi. Baffa ya cire hula ya sosa kai ya ce, "To, ai jininmu ne."

Keken yana nan a zaurenmu. Yanzu Baffa wai so yake ya san wanda ya ba da sunan don ya sa masa albarka. Ni dai ban yarda ba tukuna. Kai, ga tarinsa nan a soro, bari in tura wannan ƙarƙashin