Mai Tari Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Tela na bakin layi, da maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da kekunan ɗinkinsa, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa toshe kunne a ƙofar shagonsu rasuwar janaretonsu, wanda aka fi sani da Mai Tari. Ya rasu da rana tsaka, a bakin aikinsa, a kan tsohuwar tayar da ake ɗora shi don kada ya yi ta tafiya da kansa, bayan doguwar jinyar da shi da mai shi suka ƙi yarda jinya ce.

Marigayin ya shigo wannan iyali ja wur da shi, yana ƙamshin sabon fenti, a shekarar da Tela ya kama shago. Ya bar duniya da wani launi da ko masu sayar da yadi sun kasa sa masa suna. Tsakanin zuwansa da tafiyarsa ya yi shekara goma sha wani abu yana hidima, kuma duk wanda ya san halin wutar lantarkin unguwar, wadda ke leƙowa ta koma kamar baƙuwar da ta bar tukunya a kan wuta, ya san hidimar ba ta wasa ba ce. Shi ya juya kekuna, shi ya gasa dutsen guga, shi ya kaɗa fankar da ke raba wa kowa zafi daidai wa daida. Rigunan biki da kayan makaranta da aka gama a kan lokaci albarkacinsa ba su ƙirguwa.

Mai haƙuri ne. An shure shi, an zage shi, an ɗura masa gurɓataccen mai, bai taɓa kai ƙara ba. Abu ɗaya yake so, a girmama shi kafin ya tashi: a ɗan karkata shi hagu, a shafa tankinsa, a ja igiyar a hankali tukuna. Sai ya ce "tuf... tuf," ya tsaya nazari, ya yi tarin da ya samo masa sunansa, sannan ya saki murya, "gurrrr," har rana ta yi sanyi. Wanda ya fizgi igiyar da gadara kuwa, da ciwon kafaɗa yake komawa gida.

Ba a so a tono aibin wanda ya riga ya tafi, amma maƙwabta suna raye, kuma sun iya karatu. Marigayin yana sha, yana kuma busawa. Fetur ɗin da ya sha, maiɗakin Tela ta ce da ruwa ne da an yi lambu da shi. Bangon bayan shago ya yi baƙi ƙirin har tsayin mutum. Mai wanki da ke jikin shagon ya daɗe da daina shanya fararen kaya ta wannan ɓangaren, kuma da labarin rasuwar ya iske shi, ya yi ta'aziyya da fuskar da ta kasa ɓoye haƙora. Ƙaramar 'yar Tela, wadda ke biyowa shago in an tashi makaranta, ta koyi tari irin na marigayin sak, har likita ya ce a rage mata zama kusa da hayaƙi. Tela ya ce wane hayaƙi, sanyi ne kawai.

Babban gadon da marigayin ya bari shi ne yaren hannu. Da yake in yana magana babu wanda ya isa ya yi tasa, Tela da ƙanensa Auta, wanda ya taso a hannunsa tun rasuwar mahaifinsu, ya kuma koyi ɗinki a keken da ke gefensa, sai suka ƙago nasu yaren. In an buɗe yatsu biyu an rufe, a miƙo almakashi. In an shafa ciki, abinci ya iso. In an ja kunne, ban ji ba. In an dafa ƙirji, na ji, na gode. In kuwa aka zaro ido aka nuna ƙofa da haɓa, to ga mai rigar da ba a ko yanka ba nan tafe, kowa ya nemi abin faɗa. Sun shekara da shekaru a haka, har a gida sukan manta su nemi gishiri da yatsa.

Maganar baki tsakaninsu ta fi yawa safe da yamma, lokacin ɗaukar marigayin. Mai nauyi ne, ba ya kwana a waje, kuma hannu biyu gare shi. Na dama na Tela, na hagu na Auta. Auta ke ƙirgawa, kuma bai taɓa kaiwa uku ba. "Ɗaya, biyu, Yaya ɗaga." Haka yake cewa tun yana ɗan saurayi. Ko bayan ya bar ɗinki ya koyi aikin sola, yana hawa rufi yana kafa wa mutane allunan da ke kama hasken rana su mai da shi wuta, bai fasa zuwa ba. Zai zo da safe a fitar da Mai Tari, ya wuce aikinsa, ya dawo da yamma a shigar da shi.

A wannan 'yar tafiya daga lungun shago zuwa kan taya ake tafka muhawara.

"Yaya, hayaƙin nan fa ba ɓacewa yake ba," in ji Auta. "Can sama yake haɗuwa da na motoci da na masana'antu, ya riƙe zafi ya hana shi fita. Shi ya sa kake ganin zafi na ƙaruwa, damina ta rikice. Ka bari in sa maka sola. Rana ba ta tari."

"Wannan ɗan tsohon ne zai ɗumama duniya?" in ji Tela, yana nishi. "Dutsen guga ma sai an kashe fanka yake iya ɗumama shi."

"Ba shi kaɗai ba ne, Yaya. Danginsa ne da yawa."

Tela zai ce a sauke a hankali, magana ta ƙare sai gobe. Gaskiyar ita ce ba rana yake ƙi ba, kuma ba duniya ce ba ya tausayi. Keken da ke gefensa ne ke ci masa rai, wanda aka lulluɓe da ƙyalle tun da Auta ya tashi daga kansa. Duk lokacin da aka ce sola, wannan kujerar da babu kowa yake gani. Yana kewar ƙanensa, ga shi ba mutum ba ne da ya iya faɗin irin wannan.

A nan ya kamata a ambaci amanar da marigayin ya fi riƙewa. Tela mutum ne mai mita. Tun tuni ya gano cewa in Mai Tari na gurnani, yana iya sunkuyar da kai a kan keke ya amayar da duk abin da ke cikinsa da iyakar muryarsa, babu mai ji. Ya yi wa yadi mai santsi tas. Ya yi wa mai gidan haya tas. Ya yi wa masu kawo ɗinki yau su ce jiya suke so tas. Masu jira suna ganin bakinsa na motsi, su ɗauka waƙa yake yi, wasu ma su yaba masa da yawan addu'a. Marigayin ya haɗiye wannan duka, bai taɓa fitar da ko kalma ba.

Ciwon ajali ya fara masa da yawan shan baƙin mai. Daga nan fulogi ya riƙa jiƙewa, hayaƙin ya koma shuɗi, muryar ta fara karkarwa. Makanike ya zo ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe, ya ce a yi ta lallaɓawa, kuma duk abin da yake marmari a ba shi.

Ranar da abin ya faru shagon cike yake. Wata malamar makaranta ta zo gwajin riga, mai wanki ya shigo karɓar kayan guga, maiɗakin Tela ta kawo abincin rana. Sai ga Auta ya biyo daga wani aiki, ya jingina allon sola guda a bakin ƙofa. Ya nuna marigayin, ya girgiza kai, ya nuna rufi. Tela ya kau da fuska, ya sunkuya a kan keke, ya kama sana'arsa ta mita. Daidai nan marigayin ya ce "kaf... kaf... tuf," ya yi shiru. Tela kuwa ya riga ya ɗauko magana da ƙarfin da ya saba, bai samu birki ba, kowa ya ji ta raɗau:

"...duk wahalar da na sha a kan yaron nan ta tafi a banza, ya ƙare a hawa rufin mutane kamar ƙadangare."

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Malama ta shiga duba bakin hannun rigarta. Auta ya dubi yayansa, ya ɗaga hannu a hankali ya dafa ƙirji. Na ji, na gode. Ya ɗauki allonsa ya fita. Shekara goma sha wani abu marigayin na rufa wa maigidansa asiri, ranar da ya saki sau ɗaya, da ransa ya biya.

Kada wani ya ɗauka Auta ya bar shagon cikin duhu. Washegari ya dawo da tsani da alluna da batir da wayoyi, ya hau wannan rufin ma, ya yi aikinsa tsaf. Kafin yamma kekuna sun tashi, dutsen guga ya yi zafi ba tare da an kashe fanka ba, abin da Tela ya tsaya yana kallo baki buɗe. Auta ya yi hira da mai wanki, ya tsokani 'yar yayansa, ya yi wa matar yayansa bayanin yadda ake goge ƙurar allunan. Yayansa kaɗai ya hana wa murya. Da shi sai yaren hannu, a shagon da yanzu ake jin shigar allura cikin yadi. Tela ya daure ya ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?" Auta ya ja kunne.

Marigayin ya rasu ya bar igiya ɗaya mai ƙulli uku, da jarka biyu, da mazurari, da tsohuwar taya, da baƙin bango, da dangi masu yawa a lunguna da kasuwanni, waɗanda Auta da abokan aikinsa ke bi ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma bar magaji a kan rufi, mai kunya, marar magana, wanda ba ya sha ba ya busawa. Tun zuwansa yarinya ta daina tari, mai wanki ya dawo da fararen kayansa, tsuntsaye ma ashe suna unguwar. Aibinsa ɗaya a wurin Tela: ba a fitar da shi da safe, ba a shigar da shi da yamma. Ba shi da hannun dama, ba shi da na hagu. Babu sauran abin da zai riƙa kawo Auta ƙofar shagon, kuma Tela ya san haka. Ɗauka ɗaya ta rage tsakaninsu, ita ce ta ƙarshe.

Saboda haka ga yadda aka tsara rakiya. Ranar Asabar da safe makanike zai tsiyaye baƙin man marigayin a cikin galan, don kada a zubar a kwata ya ƙara wa duniya wani laifin bayan ransa. Daga nan za a ɗauke shi daga kan tsohuwar tayarsa zuwa kurar turawa ta masu narka ƙarfe, inda ake fatan ya dawo a matsayin wani abu mai shiru. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo fetur.

Mutane da dama sun nemi a ba su hannun hagu, mai wanki ma har sau biyu, da zumuɗin da bai dace da makoki ba. Tela ya ce a gode musu, hannun na da mai shi, kuma ko marigayin zai yi tsatsa a wurin ba za a ɗaga ba sai ya ji ƙirgar da ya saba ji. Ya ce kafin a ƙirga yana da magana, zai kuma faɗe ta da ƙarfin da ya faɗi waccan, don haka malama da mai wanki da duk wanda ya ji ta farko ya zo da kunnuwansa.

Maiɗakinsa ce ta kai wa Auta saƙon, ta kuma ƙara da nata. Ta ce masa ita ta daɗe da iya karanta bakin mijinta, kuma ba mita kaɗai Mai Tari ya haɗiye ba. Duk ranar da mai kawo ɗinki ya ambaci solar da aka sa masa a gida, Tela kan sunkuya a kan keke ya ce, aikin ƙanena ne, babu mai hannunsa a garin nan. Ya faɗa ya fi a ƙirga. Janareton ne bai iya zaɓen wadda zai saki ba.

Auta ya ci gaba da naɗe waya a hannu. Da ta juya za ta tafi, sai ya ce, da baki, ba da yatsa ba, "Anti, ki ce wa Yaya ya lanƙwasa gwiwa kafin ya ɗaga. Bayansa ba irin na da ba ne."

Da saƙon ya iso, Tela na kan keke. Ya sa aka maimaita masa, ya cire tabarau, ya goge ido da guntun yadi, ya ce hayaƙi ne ya shigar masa. Babu wanda ya tuna masa cewa shagon ya rabu da hayaƙi.