Jan Biro da Gwamnan Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na durƙusa gaban wani tsohon gwamna a Jidda, riƙe da jan biro. Shekaru sun wuce, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina sallah, sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Umara ta kai ni, na ƙi dawowa, kamar yadda 'yan uwa da yawa suke yi. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, ba ni da kafilin da zai tsaya mini. Na yi dako a kasuwar Bab Makka, na yi sharar sito, daga ƙarshe Allah ya haɗa ni da gidan wani attajiri a Abhur, can bakin teku. Aikina zuba gahawa in an yi baƙi, da ban ruwan shuke-shuke in ba a yi ba. Da wannan nake riƙe da gidanmu a Funtuwa.

Wata safiya ƙanwata Rabi ta kira ni, muryarta ba daɗi.

"Yaya, Inna fa jiki ya ƙi. Ba ta da zance sai yaushe za ka zo."

Mai zama irin nawa hanyarsa ta zuwa gida ɗaya ce. Ka miƙa kanka ga hukuma, a ɗauki hoton yatsunka, a sa ka a jirgi, kuma ka yi sallama da Jidda ke nan. Da ina da iƙama, sai in je in ga Inna in dawo bakin aikina. Ni kuwa duka biyun nake so, in ga uwata kuma kada abincin gidanmu ya yanke.

Mai dafa abincin gidan, Khala Safiya, a nan Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya zo Hajji daga Kano da ƙafa bai koma ba. Da na gaya mata, ko ɗago kai daga tukunya ba ta yi ba.

"Ya waladi, khalas, shi ke nan, tafi ka ga uwarka. Aiki ba ya ƙarewa."

Da ma na bi maganarta. To amma a bakin nata na ji cewa maigida zai yi babban baƙo nan da sati biyar, tsohon gwamnan wata jiha da teku ya kewaye, can ƙasashen gabas, zai zo Umara ya kwana biyu a gidan. Kalma ɗaya kunnena ya kama. Gwamna!

Ku fahimce ni, ba haka kawai na haukace ba. Ina saurayi na ga wani gwamna a wajen taro ya ɗora takardar maƙwabcinmu a kan bonet ɗin mota, ya zaro jan biro ya ja layi biyu, kafin wata ya ƙare maƙwabcin nan yana da ofis da fanka. Tun daga ranar na yarda cewa duk abin da jan biron gwamna ya taɓa ya warware. Sai na shirya lissafina tsaf: gwamna zai sa hannu, maigida zai ji nauyin baƙonsa ya zama kafilina, iƙama ta fito. (Yadda sa hannun baƙo daga wata ƙasa zai motsa hukumar Saudiyya kuwa, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba.)

Na kira Rabi na ce ta gaya wa Inna ta ƙara haƙuri, na samu hanya. Na zauna na rubuta wasiƙa shafi biyu da Turancin sakandarena. Ranar hutuna na shiga mota har Bab Makka na sayo ambulan da jan biro, don kada gwamna ya laluba aljihu ya ce bai zo da nasa ba. Ka ji mai tsari!

Khala ta gan ni ina goge ambulan ɗin da gefen riga. Ta ce, "Wallah ya waladi, wannan ba irin gwamnoninku ba ne. Ya taɓa zuwa, da kansa yake wanke kofinsa." Na ce, "Khala, ke a nan aka haife ki, ba ki san gwamna ba. Ki bar mu da muka ga jiniya." Ta ce, "Tayyib," ta ci gaba da yanka albasa.

Sati biyar ɗin nan Rabi ta kira ni ya fi a ƙirga. Kullum amsata ɗaya, saura kaɗan.

Ranar da baƙon ya iso ba jiniya, ba 'yan sanda, ba ko mai riƙe masa jaka. Wani ɗan tsoho ne siriri, da baƙar hula da sanda, ya fito daga motar haya. Maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ce a raina manyan gaske ke nan, ba sa son nuna kai.

Bayan la'asar aka zauna a majalisin da ke kallon teku, maigida da baƙonsa da abokai wajen takwas. Ƙa'idar zuba gahawa a gidan Larabawa a bayyane take, kuma na san ta sarai. Butar gahawa a hannun hagu, kofi a dama, a tsaye kake, ba ka zama, ba ka sa baki a hira. Na zuba wa baƙo, ya karɓa ya yi godiya. Sai kawai na dire butar a kan kafet, na zube gwiwa biyu a gabansa, na dunƙule hannu na ɗaga sama.

"Ranka ya daɗe! Mai girma! Allah ya ja zamaninka, uban talakawa!"

Da Hausa fa na faɗa, da ƙarfi, a majalisin da ba mai jin ta. Wani dattijo cikin abokan maigida ya ce, "A'uzu billahi! Tashi, Allah kaɗai ake durƙusa wa!" Fuskar maigida ta yi ja. Ni kuwa na riga na yi nisa, na miƙa ambulan da jan biro da hannu biyu.

Tsohon ya sa tabarau ya karanta wasiƙar nan tun daga farko har ƙarshe, ni ina durƙushe, gahawa tana hucewa. Da ya gama sai ya juya biron a hannunsa, ya tambaye ni da Turanci a hankali, "Ɗana, wannan na mene ne?"

Na ce na sa hannu ne, ranka ya daɗe.

Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kama hannuna ya tashe ni tsaye, sa'an nan ya yi mini bayani kamar malami da ɗalibinsa. Ya ce a tsibirinsu gwamnonin farko a jirgin ruwa Turawa suke aiko su, kuma su kam suna da iko, su ɗaure, su saki, su raba ƙasa. Da aka samu 'yancin kai sai aka bar kujerar, aka kwashe ikon aka ba waɗanda jama'a suka zaɓa. Shi aikinsa ya buɗe majalisa, ya rantsar da shugaban da aka zaɓa, ya sa hannu a dokar da aka riga aka gama, ya ziyarci asibiti da gidan marayu.

"Duk shekarun da na yi, ban taɓa ba wani aiki ko fili ba," in ji shi. "Ba ni da wannan ikon a can, balle a nan da nake baƙo kamarka."

Ya ninke wasiƙar ya mayar mini. Sai ya ce, "Ka rubuta mahaifiyarka ba ta da lafiya. Tun yaushe?"

Na ce sati biyar.

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Wallahi zagin duniya bai kai wannan kallon ciwo ba. Na sunkuya na ɗauki butata na fita. A kicin Khala ba ta ce ai na gaya maka ba. Ruwa kawai ta miƙo mini.

Maigida bai kore ni ba, mutumin kirki ne, faɗa kawai ya yi. Ni ne na je washegari na miƙa kaina ga hukuma. Kwana tara na yi a wurin da ake tsare masu jiran jirgi. A rana ta shida aka ara mini waya na kira gida, na ji Rabi ta ɗauka tana kuka, bayanta kuma muryoyin mata masu zaman makoki.

Na daɗe ina ɗauka abin kunyar da na yi shi ne durƙuson nan a gaban Larabawa. Daga baya na gane wannan ƙarami ne. Inna ta jira ni sati biyar da kwana shida, ta yi iyakar ƙoƙarinta, ni kuwa ina can ina jiran mutumin da ban taɓa tambayar mene ne aikinsa ba. Yanzu in aka ce mini ga wani babba nan tafe zai share mana hawaye, nakan ce madalla, Allah ya kawo shi lafiya, amma a fara gaya mini abin da yake iya yi. In kuwa aka ce wani nawa ba shi da lafiya, ko waye zai zo, takalmina nake nema.