Nomau Ya Lamunci Jatau

A garinmu an yi wani wawa, Nomau. Su biyu ne a gida, shi da gwaggonsa Gwamma, kuma ba su da komai sai gona guda a bakin fadama. Gwaggo ta hore shi tun yana yaro: in manya suka yi tambaya, a amsa musu.

Wata rana aka kai Jatau dillali gaban mai gari. Wani Bafulatani ya ba shi sa ya sayar, babu sa, babu kuɗi. Aka ɗage magana sai ran kasuwa. Mai gari ya ce, "Wa zai lamunce shi?" Kowa ya sunkuyar da kai. Nomau ya ga babba ya yi tambaya an yi shiru, ya ce, "Ni, ranka ya daɗe."

"Ka san lamunta kuwa? Ka tsaya masa ke nan. In ya gudu, gonarku za a sayar a biya."

"Na ji."

Da labari ya kai wa Gwaggo, ta ɗora hannu a ka. "Ka kashe mu, ɗan nan! Tashi ka bi shi, kada ka ɗauke ido daga kansa."

Wata rana aka tada sallar azahar, Jatau yana sahun baya. Nomau ya juya wa gabas baya, ya kabbarta yana kallonsa. Liman na sallamewa ya ce, "Kai, wace alƙibla ce wannan?"

"Alagafarta malam, lamuntarsa na yi."

Wata rana kuma Jatau ya ɗauki buta ya zaga. Yana tsugunawa sai ga kan Nomau ta saman zana. Matar Jatau ta kwarara masa ruwan wanke-wanke. Bai ko ƙifta ba, ya ce, "Ci gaba da abinka, Jatau, ba na sauri."

Ƙorafi ya ishi Gwaggo. Ba ta iya zama, ba ta iya cin tuwo, kullum tana kai da kawowa tsakanin gida da gona. Ta ce, "Kallo zai hana mutum gudu? Kama rigarsa, kada ka saki ko da wa ya ce."

Ran kasuwa da hantsi Jatau ya nufi tasha, Nomau na riƙe da gefen babbar rigarsa. Jatau ya roƙe shi, ya zage shi, ya yi masa alkawarin tsire, a banza. Motar kudu ta fara tafiya. Jatau ya sunkuya, ya zame daga cikin rigar, ya ɗare mota da 'yar shara.

Nomau bai bi shi ba. Ya naɗe riga, ya kawo gaban mai gari da fara'arsa. "Ga ta, ban saki ba."

Gwaggo ta faɗi zaune tana kuka. Bafulatani ya ce a je a nuna masa gonar. Mai gari ya fizgo rigar cikin fushi, gefenta na hannun Nomau, sai ya ji nauyi a aljihu. Kuɗin san Bafulatani ne, a ƙulle cikin tsumma, har da na mota.

Ana miƙa wa Bafulatani abinsa, sai ga Jatau tafe a ƙasa, yaran mota sun sauke shi a hanya. Mai gari ya ce, "Nomau, lamuninka ya sauka. Gonarku taku ce."

Nomau ya ce, "To, in saki rigar?"

Gwaggo ta share hawaye ta ce, "Saki. Bakinka za ka riƙe."