Ranar da Hajiya da Madam Suka Haɗu a Tabarmata

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan 'yata Amira ba.

Tun da kamfanin biskit ya rage ma'aikata, aka sallame mu rana ɗaya ni da maigidana, na rantse ba zan ƙara jingina da aiki ɗaya ba. Sai na samu biyu, duk daga ɗakina a Fagge. Akwai Hajiya mai atamfa a kasuwar Kwari, ina amsa mata kwastomomi ta waya. Akwai Madam mai tukwane da kuloli a Sabon Gari, ita ma haka. Kowacce ta ba ni waya, kowacce ta kafa sharaɗi: ita kaɗai zan yi wa aiki. Na ce to. (Sau biyu na ce to, Allah ya yafe min.)

Kullum gabana a faɗe yake. Hajiya na kira zan cusa wayar Madam ƙarƙashin filo, har na taɓa cusa ta cikin buhun shinkafa. Karatuna bai yi nisa ba, in suka kore ni ina zan nufa da tsohon ciki?

Da na haihu na sanar da su, a zatona aike za su yi. Mutanen kasuwa ina suka ga lokaci? Ranar suna bayan la'asar sai ga Hajiya da turmin atamfa. Ba ta gama zama ba na ji muryar Madam a tsakar gida: "Ina mai jego?" Ga kula niƙi-niƙi a hannunta. Aka zaunar da su a tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. Ina sanye da sabon leshi, gumi na bin bayana.

Da sun tashi lafiya, ba don Inna ba. Mahaifiyata ba ta yarda a kawo kayan barka ba ta ɗaga an gani an sa albarka ba. Ta ɗaga atamfa, ta ɗaga kula, ta ce, "Jama'a ku taya ni godiya! Waɗannan bayin Allah biyu su suka riƙe gidan nan. Yarinyar nan ko tana wankan jego, wayar wannan na dama, ta wannan na hagu!"

Aka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na sunkuya ina gyara wa Amira hular da ba ta karkace ba.

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau. "Ashe kwastomar da kika turo min tana tambayar murfin tukunya ba ɓatan kai ta yi ba."

Madam ta tafa hannu. "Hajiya, ni fa yadi shida aka nema a wurina! Ke, duk ranar da kika ce min babu sabis, Kwari sabis ɗin ya tafi?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Ku ci waina."

Suka ci kuwa. Ina jira a ce in miƙo wayoyi, sai na ga suna karɓar lambar juna.

Ba su kore ni ba. Sun raba ni ne, safe na Hajiya, yamma na Madam. Yanzu ƙawaye ne, in na ce wa ɗaya Amira ba ta da lafiya, kafin azahar ɗayar ta kira ta ji kukanta da kunnenta.

Na dai koyi darasi: in za ki ɓoye abu, fara ɓoye wa uwar da ta iya godiya.