Haƙorin Cindo a Gaban Kwamiti

A wani daji, inda ƙudan zuma suka fi kowa arziki, akwai wata biranya, Ladingo, da ɗanta Cindo. Tun yaron nan yana goye ake lasa masa zuma don ya yi shiru. To, shirun ya ƙare. Haƙori ya ruɓe, kunci ya kumbura, ko ayaba ya ƙi. Ladingo ta kasa zaune, ta kasa tsaye, ta saɓe shi sai asibitin gindin kuka.

Ɓauna ce ke duba marasa lafiya. Ta leƙa bakin, ta ja da baya.

"Baiwar Allah, mu nan daga maƙogwaro zuwa ƙasa muke dubawa. Baki na kwamitin haƙori ne."

"Yaya, bakin ba a jikinsa yake ba?"

"A gida, e. A asibiti, a'a."

Kwamiti kuwa su uku ne: Jimina, Zabuwa da Kunkuru. Duk cikinsu babu mai haƙori ko ɗaya, kuma da gangan ne. Al'adar dajin, ba a ba ka shari'ar abin da kake da shi, wai kada ka yi son kai.

Ladingo tana jijjiga yaro ta ce, "Ranku ya daɗe, a cire ko a sa magani. Rabonsa da abinci har na manta."

Jimina ta gyara dogon wuyanta. "Uwar Cindo, mun ji, mun kuma tausaya. Amma a faɗi gaskiya, tun da aka kafa kwamitin nan babu ɗayanmu da ya taɓa fama da wannan ciwo. Wannan nasara ce, ya kamata a yaba. Duk da haka ba mu naɗe hannu ba, mun nemo masani."

Masanin Kada ne. Ya wangale baki, kowa ya matsa.

"Haƙori? Jiya nawa ya faɗi, ga wani har ya leƙo. A ƙyale shi, zai wuce."

"Malam, ɗana fa biri ne."

"To, wannan kuma ba fannina ba ne."

Zabuwa ta ba da shawara yaro ya daina tauna, ya riƙa haɗiya kamar kowa. Jimina ta ƙara da cewa 'yar tsakuwa tana taimakawa. Kunkuru ya buɗe baki zai yi magana, aka tashi taro.

A bakin ƙofa, ƙudan zuman da suka gina wa kwamiti rumfa suna raba wa kowane yaro saƙar zuma, wai ladan jarumta. Cindo na tsala ihu. Ladingo ta dubi zumar, ta dubi yaron, ta hango nisan gida. Ta karɓa ta lasa masa. Ya yi shiru.

Haƙoran nono suka zube, na girma suka fito, suka bi sahu. Yanzu Cindo ya zama saurayi, baki fayau, sai kunu.

An ce kwamiti na neman sabon jini, kuma babu wanda ya kai Cindo cancanta.